Ina Ɗigon Zai Zauna?

Bayan sallar la'asar ne, wata ranar Asabar cikin damina, ɗan maƙwabcina ya same ni a barandar gidana a Ntoum, kwamfutarsa a hammata. Yaro ne mai ladabi, haifaffen Gabon. Hausa yake yi a gida, Faransanci a makaranta, kuma yana shekara ta biyu a karatun injiniya. Jama'ar masallacin unguwarmu sun yi karo-karo za su ja ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin da ke bayan wurin alwala, tafiyar mita 120, aka ce tunda shi ne mai karatun abin, ya lissafa irin injin da za a saya.

Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya buɗe kwamfutar. "Baba, na gama. Ni na rubuta manhajar da kaina. Ta ce ruwan ba zai rasa ƙarfi a hanya ba ko kaɗan, ƙaramin inji ya ishe mu."

Na dubi allon. Sifili, ɗigo, sai wasu sifilai huɗu a jere. Na ce, "Ɗana, bututun nan faɗinsa nawa?" Ya ce 32. Na ce, "32 ɗin me?" Ya yi shiru, ya koma ya duba, sai na ga ya dafe goshi. Manhajar tana jiran mita, shi kuwa ya ba ta milimita. Bututun da ya lissafa faɗinsa mita 32 ne, wanda zai haɗiye masallacin da hasumiyarsa har ya bar fili.

Kuskuren bai dame ni ba, don babu injiniyan da bai taɓa yin irinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya ga sifili amma gabansa bai faɗi ba. Ruwa zai yi tafiyar mita 120 cikin bututun da ɗan yatsa da babban yatsa za su iya zagayewa, a ce bai gogu da komai ba, yaron kuma ya yarda saboda kwamfuta ce ta faɗa. A daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina tuna yadda mu muka koyi wannan sana'a, ina neman abin da muka samu wanda bai iso gare shi ba.

Na shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1978, shekarar da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da cibiyar kwamfutar jami'ar take ɗauke da sunansa, ya bar kujerar shugabancinta. Kalkuleta ta fara shigowa a lokacin, amma ba kowa ke da kuɗinta ba. Abin da na zo da shi rula ce mai zamiya, wadda wani yayana ya gama amfani da ita ya ba ni, da kuma ɗan littafin logaridim da muka saba da shi tun sakandare. Wannan rula tana da wani hali da sai daga baya na gane darajarsa. In ka ninka lambobi da ita, za ta nuna maka alƙaluma uku, a ce 4, 3 da 7, amma ba za ta gaya maka inda ɗigon zai zauna ba. Ko 4.37 ne, ko 43.7, ko 437, wannan aikinka ne. Dole tun kafin ka taɓa ta ka riga ka kintaci girman amsar a kanka. Shekara biyu kana haka, sai abin ya zama jiki: ba ka karɓar lamba daga kowa sai ka auna ta da wadda ke cikin kanka.

Sai aka kai mu ga kwamfuta, ko in ce aka kai mu ƙofarta, don ɗalibi ba ya taɓa ta. Yaren da muka koya shi ne FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar a 1957 domin masu lissafin kimiyya. Za ka rubuta shirinka da fensir a takarda mai gida-gida, sannan ka zauna gaban injin huda kati. Kowane layi kati guda ne, kowane kati yana da gurbi 80. Biyar na farko na lambar layi ne, na shida alama ce cewa maganar kati na baya ce take ci gaba, umarnin kansa kuma daga na 7 zuwa na 72. In ka gama sai ka ɗaure katunan da roba, ka ja layi a karkace da biro a kan gefensu, domin in sun zube ka iya mai da kowanne mazauninsa. Ka miƙa ta taga, ka tafi, ka dawo gobe ka karɓi doguwar takarda mai huji a gefe.

Ba zan manta wani kuskure da ya cinye mini kwana uku ba. Na rubuta 1/2 a cikin lissafi ina nufin rabi. A FORTRAN kuwa, in ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, guntun da ya rage zubar da shi ake yi, don haka rabin nawa ya koma sifili, duk abin da aka ninka da shi ya bi shi. Injin bai yi ƙorafi ba, don a wurinsa ban karya doka ba. Ya buga mini amsa tsaf, cikin layi mai kyau. Abin da ya cece ni kawai shi ne na riga na yi lissafin da rula, na san amsar tana wajen 12, ga shi takarda ta ce 7. Ruwa ba ya tsami banza. Na bi katunan ɗaya bayan ɗaya har na kama shi.

Tunda zuwa ɗaya kake da shi a rana, sai ka koyi zama kwamfutar da kanka kafin ka miƙa. Mukan zauna a ƙarƙashin bishiya da fensir, ɗaya yana karanta umarni, ɗaya yana rubuta abin da kowace lamba ta koma, layi bayan layi. Wahala ce, kuma ba na yi wa kowa fatanta. Amma wanda ya bi shirinsa da ƙafa haka ya san kowane lungu na cikinsa.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na dabarun lissafin kusanto, wato hanyoyin da ake bi in lissafi ya ƙi warwaruwa kai tsaye. A sakandare an saba mana cewa kowace tambaya tana da ƙa'idar da za ka zuba lambobi amsa ta faɗo. A aikin injiniya akasarin tambayoyi ba haka suke ba. Ɗauki gugar da ruwa ke yi da bangon bututu. Ƙa'idar da Colebrook ya wallafa a 1939 tana da lambar da kake nema a hagu, tana kuma da ita a dama, cikin logaridim, ba yadda za ka yi ka ware ta gefe guda. Moody ya zana taswirarta a 1944 domin mutane su riƙa karantowa da ido. Amma in kana son ta da lissafi, sai dai ka kintata, ka zuba kintacen a dama, ka ga abin da hagu ya ba ka, ka mai da shi dama, ka sake. Ka fara da 0.0200, ta ba ka 0.0223, ka mayar ta ba ka 0.0222, ka sake ta tsaya a nan. Ta zauna ke nan.

Da Turanci aka koya mana wannan, na kuma ci jarrabawa, amma ban gane shi gane na haƙiƙa ba sai da na je hutu Kano na zauna a shagon mahaifina a Kantin Kwari. Mai saye ya ɗaga turmin atamfa ya ce, "Nawa?" Aka gaya masa. Ya taya ƙasa can. Mahaifina ya ce, "Albarka." Ya ƙara, aka rage masa, ya ƙara, aka rage, har tazarar da ke tsakaninsu ta zama ba ta kai a tsaya jayayya a kanta ba, sai na ji "Na sallama." Nan take na ga darasinmu a gabana. Farashin gaskiya yana wani wuri tsakanin kuɗin da aka sa da kuɗin da aka taya, babu wanda ya furta shi da farko, amma kowane zagaye yana matso da su kusa da shi. Hanyar da muke kira raba-biyu ke nan: ka san amsa tana tsakanin iyaka biyu, ka gwada tsakiya, ka yar da rabin da ba ta ciki. Sau goma in ka yi haka, tazarar ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na yadda ta fara. Sau ashirin, ɗaya cikin miliyan.

Hanyar Newton da Raphson kuwa ta tsohon ɗan kasuwa ce, wanda ba ya bin tsakiya, yana duban yadda cinikin ya karkata ya yi tsalle zuwa inda yake ganin za a daidaita. In kana neman lambar da za a ninka da kanta ta ba da 10, ka fara da 3, zagaye ɗaya ya kai ka 3.1667, na biyu 3.1623, an gama. Sauri gare ta ƙwarai. Sai dai in tayin farko ya yi nisa da hankali, tana iya wurga ka wani wuri dabam, kowane zagaye yana ƙara nisanta ka, kamar mai sayen da ya taya abin da ya sa mai kaya ya naɗe tabarmarsa. Saboda haka ko a nan, mai lissafi sai ya san inda amsa take kwana kafin ya aika a kira ta. Ya kuma san lokacin da zai ce ya sallama, don injiniya ba ya neman alƙaluma goma bayan ɗigo alhali bututun da zai saya a kasuwa girma biyar ko shida kawai ake sayarwa.

Aikinmu na shekarar ƙarshe shi ne rarraba ruwa a unguwa mai bututu da yawa da suka haɗu suka yi zobe-zobe. Hanyar Hardy Cross muka bi, malamin Jami'ar Illinois a Amurka da ya wallafa ta a 1936, tun babu kwamfuta. Za ka raba ruwan a kowace mahaɗa yadda ka ga dama, muddin abin da ya shiga shi ne ya fita. Sannan ka zagaya kowane zobe kana tara ƙarfin da ruwan ya rasa. In rabonka daidai ne, za ka dawo inda ka fara da sifili. Ba ya taɓa yin daidai a karon farko. Sai ka lissafa gyara, ka zuba, gyaran wannan zobe ya taɓa na maƙwabcinsa, ka bi shi ma ka gyara. Da hannu mako biyu ya ɗauke mu. Da muka mai da shi FORTRAN, katunan sun kai tsawon tafin hannu, injin kuma ya gama cikin abin da bai kai minti ba. Ranar da amsar injin ta yi daidai da ta hannunmu, na ji daɗin da har yau ban ji irinsa a wurin aiki ba.

Neman abinci ne ya kawo ni Gabon a farkon shekarun 1990, tare da wani kamfanin gine-gine, na kuma zauna a Ntoum har na tsufa. Gari ne da ke kusan kilomita 40 gabas da Libreville, shi ne kuma hedikwatar yankin Komo-Mondah, a kan babbar hanyar da ke shiga cikin ƙasar. Jirgin ƙasan da ya tashi daga tashar ruwa ta Owendo ya isa Franceville a ƙarshen 1986 yana ratsa shi, ɗauke da manganis na Moanda da katako. A da an san garin da masana'antar siminti, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne daga nan ake tace mafi yawan ruwan da Libreville ke sha, a tura shi ta manyan bututu zuwa birnin. Ɗan Arewa da ya tashi yana ganin ana roƙon ruwa, sai ga shi a ƙasar da ruwan samanta ya kusa ninka na Zariya sau uku, amma duk da haka akwai unguwannin birni da famfonsu ke yin kwanaki a bushe. A nan na tabbatar cewa samun ruwa dabam, kai shi inda ake buƙata dabam, kuma na biyun lissafi ne: faɗin bututu, tsawon hanya, tudu da gangare, da yawan mutanen da suka ƙaru bayan an binne bututun. In ka rage faɗin bututu da rabi kana son ruwa daidai na da ya wuce, asarar ƙarfinsa za ta ninka wajen sau 32. Mutum ba zai yarda da wannan ba sai ya lissafa da hannunsa.

A masallacin Juma'a a Libreville nakan haɗu da samari 'yan Nijar, wasu daga Maraɗi, wasu daga Damagaram, da suka zo karatu a Institut Africain d'Informatique, makarantar koyon kwamfuta da ƙasashen Afirka 11 masu amfani da Faransanci suka kafa a 1971, Nijar da Chadi da Kamaru suna ciki. Su ne suka fara nuna mini Turbo Pascal. A wurinsu kuma na koyi wani tarko da ban sani ba a Najeriya: inda mu muke sa ɗigo, su waƙafi suke sawa. Abin da ɗan Zariya zai karanta dubu ɗaya da ɗari biyu, ɗan Maraɗi zai karanta shi ɗaya da ɗigo biyu, alhali rubutun ɗaya ne, 1,200. Da Hausa muke warware wannan rikici, don ita ce yaren da ba mu da saɓani a kansa.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. Kwamfuta ta sauko kan tebur, faifan ajiya ya shiga aljihu, ko da yake laimar Ntoum takan sa masa fumfuna in ba a kula ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da manhajar EPANET a 1993, kyauta, wadda ke yin aikin da ya ci mana mako biyu kafin ka ɗauke yatsanka. Ga MATLAB, ga Scilab na Faransawa, ga Python da Guido van Rossum ya saki a 1991, wanda yanzu shi yaran ke koyo. Yankin masana'antu na Nkok ya tashi a kan hanyarmu ta zuwa birni bayan Gabon ta hana fitar da gungumen katako a 2010, ya buɗe wa matasa ayyukan da ke buƙatar mai sanin inji da lissafi.

Ba na cikin masu cewa zamanin da ya fi. A zamaninmu, kafin ka rubuta layi ɗaya na shirin kwamfuta sai ka ci jarrabawar shiga jami'a, sai kuma jami'ar tana cikin 'yan ƙalilan masu injin. Yara nawa ne a Katsina da Sakkwato da Maraɗi masu kaifin ƙwaƙwalwa fiye da mu da ba su taɓa ganin katin huji ba har suka tsufa? Yau yarinya a ƙauye, in tana da waya da ɗan kuɗin data, za ta iya rubuta hanyar Newton ta gwada ta sau hamsin kafin magariba. Wannan alheri ne babba, kuma duk wanda ya raina shi bai san yadda ƙofar take a rufe ba a da.

Abin da nake tsoro shi ne abin da sauƙin ya tafi da shi ba tare da kowa ya lura ba. Jinkirin injin da gazawar rula su ne suka tilasta mana kintace, ba hikimar kowa ba. Da aka cire jinkirin, sai kintacen ya bi shi, domin ba a taɓa rubuta shi a manhajar karatu a matsayin darasi mai zaman kansa ba. Kuma ba yara kaɗai abin ke ci ba. Ranar 23 ga Agusta 1991, gindin kankare na dandalin haƙar mai da gas na Sleipner A ya nutse a wani mashigin teku kusa da Stavanger a Norway, lokacin gwaji. Bincike ya nuna lissafin kwamfuta ya rage ƙarfin da zai danne wani sashe na bangon da kusan kashi 47 cikin ɗari, saboda yadda aka yayyanka siffar ginin a cikin manhajar. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai suna. Yanzu kuma, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ba sai ka rubuta shirin ba ma, gaya wa inji za ka yi ya rubuta maka. Wanda bai san inda ɗigon zai zauna ba, da me zai tuhumi abin da aka miƙo masa?

Na kan gaya wa yaran cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Kalmar algoridim da suke ji kullum daga sunan al-Khwarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9. Kusa da mu kuma akwai Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya rubuta matakai ne: fara daga wannan gida, matsa kaza, in ka fita daga iyaka ka shigo ta ɗaya gefen, in ka tarar da gida a cike ka yi kaza. Duk wanda ya bi su zai samu layuka masu jimla ɗaya, ko bai san dalili ba. Shirin kwamfuta ke nan, sai dai almajiri ne injin, kuma almajirin yakan tara kowane layi a ƙarshe ya tabbatar. Ina ganin da za a koya wa yaranmu lissafin kusanto ko sau ɗaya da Hausa, da kalmomin taya da albarka da sallama, da ya zauna musu fiye da yadda yake zama da Turanci ko Faransanci.

Washegari yaron ya dawo. Na ce ya rufe kwamfutar tukuna, na ba shi fensir da bayan wata tsohuwar ambulan. Muna son jarka mai lita 20 ta cika cikin daƙiƙa 25, wato lita 0.8 a daƙiƙa. A bututu mai faɗin milimita 32, wannan gudun mita ɗaya ne a daƙiƙa, daidai tafiyar mutum da ba ya sauri. Ya yi zagaye uku na Colebrook da kalkuletar wayarsa, ya samu asarar wajen mita huɗu da rabi, ban da tsayin tankin. Sannan na ce ya buɗe kwamfutar ya gyara lambar. Ta ba shi 4.4. Ya dubi ambulan, ya dubi allon, ya ce, "Baba, sun haɗu." Kafin ya tashi na sa shi ya rubuta 0.1 + 0.2 a Python. Da ya ga 0.30000000000000004 ya ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace, muka ƙara rabin awa ina yi masa bayanin yadda injin da ke ƙirga da sifili da ɗaya ba ya iya riƙe ɗaya bisa goma cif-cif, kamar yadda mu ba ma iya rubuta sulusi da alƙaluma har mu gama.

An sayi injin, an haƙa rami, an binne bututu. Ranar da aka kunna, liman da dattawa suna tsaye, yaron ya kafa jarka a bakin tankin yana duban agogon wayarsa. Ta cika a daƙiƙa 28. Jama'a suna ta hamdala, shi kuwa ya matso kusa da ni ya rage murya. "Baba, 25 muka ce. Ina ukun suka tafi?" Na tambaye shi ko ya sa gwiwoyin bututun da bawul a lissafinsa. Ya ce a'a. Ya cire takalminsa saboda taɓo, ya koma wajen rijiyar, ya fara bin ramin yana ƙirga lanƙwasa.